Motar Da Ba Ta Kai Ikara Ba

Akwai wani matashi a wani ƙauye da ke gundumar Saulawa ta ƙasar Ikara, sunansa Uwaisu. Su biyu ne maza a gidansu, shi da yayansa Yahuza. Da mahaifinsu ya rasu, ya bar musu gonaki biyu, da tsohuwarsu Inna Adama, da wata farar akori-kura da ta sha jiki.

Motar ba ta da kyan gani, amma ita ce ƙafar ƙauyen. Ita ke kai masara da barkono kasuwar Makarfi da ta Hunkuyi. Idan ciwo ya tashi a wani gida, ita ake nema.

Uwaisu ne ke tuƙa ta, kuma kunyarta yake ji. Kullum cewa yake ya gaji da zama direban buhu.

Wata shekara barkono ya yi daraja, ya samu kuɗin da bai taɓa riƙewa ba. A lokacin ne ya je Zariya, ya ga wata jar mota a wajen masu sayar da motocin hannu. Ƙofa biyu gare ta, irin ta tsere, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Dillalin ya tayar da ita ya taka totur sau ɗaya, ƙarar ta cika wurin. Tun daga nan hankalin Uwaisu bai dawo jikinsa ba.

Kuɗin barkonon bai isa ba. Sai ya koma gida ya sami yayansa.

"Yaya, so nake a sayar da akori-kurar nan."

Yahuza ya ɗago ya dube shi. "A sayar a yi me? Da me za mu riƙa kai amfanin gona?"

"Ai akwai motocin haya. Ni ma ina da gado a cikinta, rabona nake so."

Inna Adama tana jin su daga ɗaki, ta leƙo ta ce, "Uwaisu, motar nan ba ta ku kaɗai ba ce, ta gari ce."

"Inna, gari ne ya saya wa Baba?"

Sati biyu ana abu ɗaya. Ya daina cin abinci a gidan, ya daina gaida yayan. Yahuza mutum ne da ba ya son tashin hankali, daga ƙarshe ya ce a sayar. Har wani abu ya ƙara masa daga nasa rabon, ya ce ya riƙe saboda gyara.

Ranar da Uwaisu ya ɗauko jar motar, ya biya da ita garejin Malam Mamuda a Makarfi. Shi ne bakaniken da ya shekara ashirin yana gyara musu akori-kura. Ba gyara ya kai ta ba, yabo ya je nema.

Malam Mamuda ya zagaya ta, ya buɗe gaba, ya kwanta ya leƙa ƙasanta.

"Uwaisu, motar nan kaɗan ya rage ta girme ka. Ka dubi lambar nan, ta ci kilomita sama da dubu ɗari uku. A lokacinta mota ce, ban musa ba. Amma irin wannan, sayenta ne mai sauƙi."

"To me ya same ta?"

"Lagiretonta ya tsufa. Tiyon ruwan nan ya bushe, taɓa ka ji. Famfon ruwan ma ya fara kuka. In akwai sauran kuɗi a hannunka, a nan za ka zuba su kafin komai. Sannan ba a yi ta don hanyar ƙauyenku ba."

Uwaisu ya yi dariya. "Malam Mamuda, kai ka saba da motocin ɗaukar rake. Wannan ba ajinka ba ce."

Dattijon ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Allah ya tsare hanya."

Kuɗin da Yahuza ya ba shi don gyara, sifika ya saya da su, ya sa baƙin gilashi, ya canza rim.

Watanni ukun farko ya sha daɗinsa. Idan ya bi titin Makarfi zuwa Kudan, mutane sukan tsaya su bi shi da kallo. Idan dattijo ya ɗaga masa hannu a bakin hanya, sai ya sauke gilashi kaɗan ya ce, "Baba, motar ba ta ɗaukar fasinja," ya wuce.

Daga nan motar ta fara nuna shekarunta.

Mai take sha kamar ana zubarwa a ƙasa. Salansar hayaƙinta ta faɗi sau biyu a kwazazzabon shiga ƙauye. Kayan gyaranta ba a samun su a Ikara ko Makarfi, sai an aika Kaduna, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfinsa. Sai ya koma dabara. Baƙin mai na awo yake zuba mata. Abin da ya kwance, ya ɗaure da waya. Da tiyon ruwan ya tsage, ya yanko robar tsohon tub ya naɗe shi tam, ya ajiye jarkar ruwa a but. Duk tafiyar da zai yi sai ya tsaya a inda ba kowa ya ƙara ruwa, don kada a gani.

Shi kuwa Yahuza, haya yake biya a kai masa kaya kasuwa. Wani lokaci buhunansa su kwana uku a bakin hanya ana jiran mota. Bai taɓa yi wa ƙanensa gori ba. Sau ɗaya kawai ya ce masa, "Ka kai ta wurin Malam Mamuda mana, na ga tana ɗigar da ruwa a ƙofar gida."

"Yaya, ba ka san kan motar nan ba. Haka suke."

Da kaka ta yi, aka kawo injin casar masara gonar Yahuza. Da hantsi ana cikin aiki, hannun rigar Yahuza ya sarƙe a bel ɗin injin. Kafin a kashe, injin ya ja hannun har sama da gwiwar hannu.

Ihun mutane ne ya kai wa Uwaisu labari. Ya iso gonar da motarsa, ya tarar an ɗaure hannun da rawani, jini yana ta ratsowa. Maƙwabcinsu Hamisu ya riga ya tayar da babur ɗinsa, ana shirin ɗora Yahuza a tsakiya, wani ya riƙe shi ta baya.

"Ku sauke shi!" in ji Uwaisu. "Babur? Ga mota a tsaye?"

Hamisu ya ce, "Uwaisu, hanyar nan babur ya fi sauri. Bar mu mu tafi."

"Minti goma zan kai shi Ikara. Yayana ne ko yayanka?"

Ba wanda ya iya ja da shi. Aka kwantar da kujerar gaba, aka yi ta faman shigar da mutum mai rauni ta ƙofar da ko mai lafiya sai ya sunkuya. Bayan motar ba wurin da babba zai zauna ya riƙe shi. Haka suka tafi su biyu.

Hanyar duk ramuka ce da damina ta bari. Kowane rami sai cikin motar ya daki ƙasa, Yahuza ya yi nishi. Uwaisu yana ganin allurar zafi tana hawa. Ya san bai ƙara ruwa ba tun jiya. Ya ce a ransa za ta kai.

Sun yi nisa da ƙauye, ba su kai kwalta ba, sai ya ji wani abu ya fashe a gaba. Tururi ya turnuƙe gilashin. Robar da ya naɗe tiyon da ita ta saki. Bai tsaya ba, ya ci gaba da taka totur, har injin ya yi wata ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, ya mutu.

Ya murza makulli. Shiru. Ya sake murzawa.

Ya fito da gudu ya ɗauko jarkar ya juye a lagireto, ruwan ya bi ta ƙasa ya tsiyaye a kan yashi. Ya ciro waya, babu sabis. Hagu gonar dawa, dama gonar dawa, ba gida ba mutum, don kowa yana wajen girbin masara.

"Uwaisu," Yahuza ya kira shi da murya ƙasa-ƙasa. "Mun kusa?"

"Mun kusa, Yaya."

"Sanyi nake ji."

Rana tana tsakiyar ka a lokacin. Uwaisu ya cire rigarsa ya lulluɓa masa. Ya ƙara ɗaure rawanin da iya ƙarfinsa. Ya gwada goya shi, suka yi 'yan taku, nauyin ya kayar da su duka. Ya jawo shi inuwar wata ɗorawa, ya hau kan motar yana ihu yana ɗaga hannu.

Hamisu ne ya zo. Zuciyarsa ba ta kwanta ba, shi ya sa ya tsaya ya sanar da gida, ya nemi mai, ya biyo bayansu. Amma an fi rabin sa'a.

Ya juya babur ɗin. Suka ɗora Yahuza a tsakiya, Uwaisu ya rungume shi ta baya. Suna hawa kwalta ya ji kan yayansa ya yi nauyi a kafaɗarsa. Ya yi ta yi masa magana a kunne har ƙofar asibiti.

Likitan ya duba, ya ja mayafi ya rufe fuskar. Ya ce jini ne ya ƙare. Ya tambayi tun yaushe abin ya faru, da aka faɗa masa sai ya girgiza kai.

Bayan la'asar aka binne Yahuza. Ya bar mata, Zulaihatu, da 'ya'ya huɗu, ƙaramar ba ta fara tafiya ba.

A wajen zaman makoki ba wanda ya zagi Uwaisu. Kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Malam Mamuda ya zo tun daga Makarfi, ya riƙe hannunsa ya yi masa ta'aziyya, bai ambaci mota ba. Shirun nan ya fi masa zagi ciwo.

Motar ta yi wata guda a inda ta tsaya. Bai iya komawa wurin ba. Daga baya 'yan gwangwan suka zo suka yanka ta, suka loda a mota suka tafi.

Yanzu shi ke noma gonakin biyu, shi ke ciyar da gidan yayansa. Bai sake riƙe sitiyari ba. Wanda ya san shi da, in ya gan shi a kasuwar Hunkuyi zaune kan buhu yana jiran motar haya, ba zai gane shi ba.

Inna Adama ta yi kwana arba'in ba ta yi masa magana ba in ban da amsa gaisuwa. Wata safiya ya yi sallama ya shiga ɗakinta, ya ga ta zabura ta miƙe, sannan ta koma ta zauna a hankali. Ya durƙusa ya fashe da kuka.

"Inna, ki yafe mini."

Ta dube shi.

"Na yafe maka, Uwaisu. Ban haifi ɗan da zan riƙe a zuciya ba. Abu ɗaya nake roƙonka. Idan za ka shigo, ka riƙa faɗin sunanka tun daga zaure. Muryarku iri ɗaya ce, kai da yayanka. Duk sanda ka yi sallama sai in ɗauka shi ne."

Har yau haka yake yi. Kowace safiya yakan tsaya a zaure ya ce, "Salamu alaikum, Inna. Uwaisu ne."

Darasi: Kada ka sayi abin da ba za ka iya riƙewa ba don kawai a kalle ka, kuma kada ka raina shawarar wanda ya fi ka sanin aiki. Gyaran da ka ɗage yau, ba ka san ranar da za ka neme shi da gaggawa ba, kuma ba lallai kai kaɗai za ka ɗanɗana kuɗarsa ba. Idan kana da abin hawa, ka duba lafiyarsa kafin adonsa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman matasanmu masu burin mota. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raba mu da girman kai.