Garin da Gidajensa Suka Juya wa Titi Baya

Dalilin da ya sa gidajen Dunmere, wani ɗan gari can cikin gonakin alkama na Amurka, duk suka juya wa titi baya, ku matso ku ji, yara. Mutanen garin ba su kai cikar kasuwar ƙauye ba, amma baƙo in ya je, sai ya zagaya yana ƙunƙuni kafin ya sami ƙofa.

Da can ba a nan garin yake ba. A gindin wani tudu yake, gidajensa duk na katako. Sai aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ta bi can nesa ta bar su. Maƙeri ya kwashe kayansa ya tafi, likita ya bi shi, har aka fara zancen rufe makaranta don yara sun yi kaɗan.

To, akwai wata mai gasa burodi, Orpha, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Mace ce mai kafiya, in ta tsaya a kan magana sai dai a bi ta. Ta tara waɗanda suka rage, ta ce, "Jirgi ya ƙi zuwa wurinmu, mu za mu je wurinsa, da gidajenmu."

Aka kwashe da dariya. Amma a ƙasar, in sanyi ya kama, ana iya ɗora gidan katako kan gungume a ja shi bisa ƙanƙara. Matsalar ɗaya ce: bijiman da za su iya wannan ja, surukinta ne kaɗai ke da su, tsoho Elam. Shi kuwa ya ce atafau.

"Baba, ƙanƙara ta kusa narkewa," in ji Orpha. "In ta narke muna nan, garin ya mutu."

Tsoho ya nuna tudu, inda makabarta take. "Matata tana can. Ɗana, mijinki, yana can. Ke kin iya juya masa baya, ni ban iya ba."

Maganar ta yi mata ciwo, ta koma gida tana kuka. Amma gari na wayewa sai ga ta a ƙofarsa.

"Baba, ba wanda zai juya musu baya. Ta baya za mu ja gidajen, ƙofa tana kallon tudu. Yadda suka isa, haka za mu ajiye su."

"Titi fa, 'yata?"

"Titi ya yi haƙuri."

Sai tsoho ya tashi ya ɗauko igiyar bijimansa. Gidanta aka fara ja. Tana tsaye a bakin ƙofa, 'ya'yanta sun riƙe ta, tudu yana ta nisa, ba ta kawar da ido ba. Da maƙwabta suka ga gidan bai rushe ba, sai kowa ya hau neman gungume. Na Elam ne na ƙarshe, ya iso ƙanƙara na narkewa, ƙasa ta fara laushi. Ma'aikatan jirgi suka yi ta tsokanarsu, wai gari guda ya yi fushi da titi. Orpha kuwa ta hura wutar burodinta, aka buɗe makaranta.

Shi ya sa har yau ko sabon zuwa ne zai yi gini a Dunmere, tudu yake fuskantar da ƙofarsa. Duk wanda ya buɗe gida da safe, mutanensa na da yake fara gani kafin ya gaida maƙwabci.