Rautar Falo da Ɗakin Inna

Akwai wani magidanci da kowa a gidansu yake kira Injiniya. Sunan ya samo asali ne tun yana yaro, ranar da ya kwance fankar mahaifinsa ya mayar da ita, ta ci gaba da juyawa duk da ƙusoshi biyu sun yi saura a hannunsa. Da ya girma ya zama mai zanen gidaje. Kai dai kawo masa filinka, ya zana maka inda ɗaki zai zauna da inda taga za ta kalla.

Yana zaune da matarsa da mahaifiyarsa, Inna, a tsohon gidan da mahaifinsa ya bari. Gidan dogo ne, falo a gaba, sai siririn lungu, ɗakin Inna a can ƙarshe. Ciwon gwiwa ya hana Inna yawo, amma ba ta cika kuka da shi ba, domin kullum da la'asar wayarta takan yi ƙara. Auta ce, 'yarta ta ƙarshe, wadda aure ya kai wata ƙasa mai nisa. Ga ta da cikin fari, wata takwas, ba uwa kusa ba 'yar'uwa. Sai su kafa hira ta bidiyo, suna ganin fuskar juna, har rana ta yi sanyi.

Abin da yake ɗauke da wannan hira shi ne wata tsohuwar rauta, ɗan akwatin nan da yake rarraba intanet a cikin gida. Tana rataye a bangon lungu, ta yi ƙura, ba mai ko kallonta. Wata safiya fitilunta suka mutu, aka cire aka mayar, aka bubbuga, shiru.

Injiniya ya ce, "Dama ta isa ritaya. Yau zan kawo wadda ta dace da gidan nan."

Ya nufi shagon wani dattijo mai sayar da kayan intanet, wanda 'yan layin suke kira Baba Tambaya. Ba a banza ya sami sunan ba. Ko igiyar caji ka je saye sai ya tambaye ka wace waya ce, shekararta nawa, kuma wa yake yawan fizge ta.

Idon Injiniya ya faɗa kan wata baƙar rauta a saman kantar shagon, ƙatuwa, da ƙahoni shida a miƙe.

"Baba, sauko min da waccan."

"Za a sauko da ita, ɗana. Amma gidan naka ɗaki nawa ne?"

"Ita ce mafi ƙarfi a shagon nan ko ba ita ba ce?"

"Ita ce. Bangon gidan na da ne mai kauri, ko na zamani? Kuma wa ya fi kowa nisa da inda za ka ajiye ta?" Dattijon ya turo masa takarda da biro. "Ɗan zana min gidan, ko a karkace ne."

Injiniya ya yi dariya har da riƙe kanta. "Baba, ni fa zanen gidaje ne sana'ata. Yanzu akwatin intanet ma sai na yi masa zane? Sa min ita a leda, ina sauri."

Dattijon ya sauko da ita. Ya ɗaure masa ita, ya ce idan wani abu ya taso ƙofar shago a buɗe take.

Da ya isa gida ya ga sabuwar ba za ta ratayu a lungu ba, ta yi girma. Ransa ma bai so a ɓoye irin wannan kaya a lungu ba. Ya sa aka ja igiya zuwa falo, ya ɗora ta kusa da talabijin, ya miƙe ƙahoninta ɗaya bayan ɗaya. Ya raɗa mata sabon suna, ya sa sabuwar lambar sirri mai tsawo. A falo kam abin sai wanda ya gani, kafin ka taɓa bidiyo ya buɗe.

Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Wannan kuwa ba za ta tashi ta cije mu ba? Kamar ƙaguwa."

"Ke dai ba ki san kaya ba."

Kwana biyu bayan haka ta ce masa wayar Inna fa ba ta kamawa. Ya karɓi wayar a bakin ƙofar Inna, ya jujjuya, ya ce tsufa ne ya kama ta, zai duba ranar da ya sami sarari. Ta sake tuna masa, ya ce ai ba a yi asarar komai ba, ga tasa wayar.

Haka aka koma yi. In ya dawo aiki da yamma sai ya kira Auta, matarsa ta riƙo Inna a hankali zuwa falo, ya miƙa mata wayar, ya tsaya a gefe yana jira.

"Auta, ya jiki?"

"Da sauƙi, Inna."

"To madalla. Kina cin abinci?"

"Ina ci."

Inna ta dubi ɗanta, ta dubi wayar, ta miƙa masa. Shi kuwa har yana faɗa wa matarsa, "Kin gani? Dama hirar tasu ba ta wuce minti biyu. Sauran duk surutu ne."

A rana ta tara, ya manta wata takardar zane a gida, ya dawo da tsakar rana. Yana shiga lungu ya tsaya cak.

Inna ce zaune a kan kifaffen bokiti, a tsakiyar lungun, sandarta a jingine da bango. Ta ɗaga hannu sama da wayar, tana karkata ta wajen falo. Gwiwarta ta kumbura har ta ɗaga zane.

"Inna! Me kike yi a nan?"

Ta sauke hannun da sauri kamar wadda aka kama. "Ba komai. Na ce ko in na matso kusa abin zai shigo."

"Tun yaushe kike haka?"

"Kullum in matarka ta tafi makarantar da take koyarwa. Nan ne iyakar inda ƙafar take kai ni."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Ta yi ɗan murmushi. "Na ga kana murna da abinka. Na ce bari in bar ka ka gama murnar."

Ya kama ta ya mayar da ita bakin ƙofarta, ya fito tsakar gida ya kira ƙanwarsa. Tana ɗauka ya ji muryarta a dishe.

"Yaya, don Allah kar ka ji haushi, amma ba kai nake nema ba. Ƙafafuna sun kumbura, ba na iya barci, ina jin abubuwan da ban san ko daidai ba ne. Likita ya ce lafiya, amma ni Inna nake so ta gaya min. Ta yaya zan yi wannan maganar kana tsaye a kanmu kamar mai gadin jarrabawa?"

Ya ce, "Auta, saura kwana nawa?"

"Sun ce sati uku. Yana iya zuwa kafin nan."

Ya koma wajen Inna ya ce zai sayo mata sabuwar waya yanzu-yanzu. Ta rungume tsohuwar a ƙirji. Ita ba karatu take yi ba, in ji ta, yatsanta ne ya haddace inda koren maɓalli yake da inda hoton Auta yake fitowa. In aka canza mata, kafin ta koya an yi haihuwar an gama.

Sai ga Injiniya a shagon Baba Tambaya, ƙatuwar rauta a hammata, tsohuwar rautar da matarsa ta adana a leda, wayar Inna da ya aro a aljihu. Bai jira an ce masa komai ba, ya jawo takarda da biro.

"Baba, na zo yin zanen."

Dattijon ya gyara tabarau. "Bismillah. Ai ka fi ni iyawa."

Cikin minti biyu ya fitar da gidan tsaf, har da kaurin bango. Baba Tambaya ya bi layin da yatsa. "Bango ɗaya, biyu, uku. Wannan zagayen fa?"

"Tankin ruwa ne."

"To ka ga, ruwa da bango mai kauri su ne suke shanye sabis. Wannan ɗakin na ƙarshe na wa ne?"

"Na mahaifiyata."

"Madalla. A ina take zama in za ta yi waya? Gadonta yana wane gefe, kusa da ƙofa ko kusa da taga?"

Injiniya ya ɗora biro a kan takarda. Ya ɗaga. Ya sake ɗorawa. Ya san tsawon ɗakin da faɗinsa, ya san shekarar da aka sake rufinsa. Amma inda gadon yake a yanzu, bai sani ba. Sai a lokacin ya tuna cewa ya fi shekara yana gaishe ta daga bakin ƙofa, takalmi a ƙafa, makullin mota a hannu.

Ya ce a hankali, "Ban sani ba, Baba."

Dattijon bai yi masa dariya ba. Ya ce, "Ba kai kaɗai ba ne, ɗana. Rabin masu zuwa nan sun san falonsu ciki da waje, sauran gidan sai a hankali. Kira gida ka tambaya."

Ya kira matarsa. Ta ce tun damina aka mayar da gadon ƙarƙashin taga saboda Inna tana son iska, ita da kanta ta ja shi. Ya zana gadon a wurinsa, kunya ta hana shi ɗaga kai.

Baba Tambaya ya karɓi wayar Inna ya duba. Ya ce ƙatuwar rautar ba ta da laifi, kaya ce mai kyau, amma an yi ta ne don babban ofis mai fili, kuma yadda aka saita ta sababbin wayoyi kaɗai take yi wa magana. Ya shiga ciki ya fito da wata ƙarama fara, wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba.

"Wannan ba ta da ƙaho ko ɗaya na burgewa. Amma tana da ramin rataya a baya, tana jin yaren tsofaffin wayoyi, kuma in ka sa ta a nan," ya ɗiga biro a tsakiyar lungu, "bango ɗaya ne tsakaninta da gadon. Falonka zai ɗan rage gudu. Za ka iya jurewa?"

"Ko ya tsaya gaba ɗaya."

"A'a, ba zai kai haka ba, kar ka je ka ce na raba ka da kallon ƙwallo."

Sannan ya juya tsohuwar rautar, ya kwafi sunanta da lambar sirrinta, ya sa wa sabuwar su daidai. Ya ce ta haka wayar Inna za ta ɗauka tsohuwar ƙawarta ce ta dawo, ba sai an danna komai ba. Ya karɓi ƙatuwar ya mayar da ita saman kanta.

Kafin la'asar Injiniya yana kan kujera a lungu, yana mayar da igiya inda take a da. Da fitilar ta koma kore, ya cire takalmi, ya yi sallama, ya shiga ɗakin Inna har ciki. Ya zauna a bakin gadon, ƙarƙashin taga, ya sa mata wayar a hannu.

Ba su daɗe ba ta yi ƙara. Yatsan Inna ya tafi kai tsaye inda ya saba. Fuskar Auta ta cika gilashin, ta buɗe baki za ta yi magana sai kuka ya riga ta.

"Haba, haba, 'yar Inna. Ga ni nan. Share hawayen, nuna min ƙafar in gani."

Inna ta ɗago ta ga ɗanta har yanzu yana zaune, yana murmushi kamar shi aka kira. Ta yi masa kallon da ta saba yi masa tun yana ƙarami.

"To, Injiniya, Allah ya yi maka albarka. Tashi ka ja mana ƙofa, maganar mata za mu yi."

Ya fita ya ja ƙofar. Yana tsaye a lungu yana sa takalmi ya jiyo muryar Inna tana cewa ita ma haka ta yi a cikinta na fari, har zobe sai da aka yanke mata. Sai ya ji Auta ta fashe da dariya. Bai taɓa jin daɗin korar da aka yi masa irin ta ranar ba.

Darasi: Kafin ka sayo wa gida wani abu, fara tambayar kanka wa ya fi kowa rauni a gidan, kuma a ina yake zama. Abin da ya fi tsada ba lallai ne ya kai inda ake bukatarsa ba, kuma mai yi maka tambaya ba raina iliminka ya yi ba. Iyayenmu sukan yi shiru don kada su ɓata mana murna, saboda haka mu riƙa shiga ɗakinsu har ciki, mu zauna. In labarin nan ya tuna maka da wani, tura masa, ka kuma raba shi ga 'yan'uwa.