Kwalin da Farfesa Ya Ce a Ƙona

Akwai wani malamin jami'a a nan Bauchi, Farfesa Badruddeen, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana zirga-zirga a gonakin Miri. Ya auna ruwan sama, ya auna dawar da aka girbe, ya rubuta komai da biro a littattafai. Aikin nan ne ya yi masa suna, sunan kuma ya hau masa kai.

A ɗakin karatu na jami'ar akwai Madam Agnes, mai kula da adana bincike. Sau uku tana kawo masa fom don ya ba da kwafin bayanansa a ajiye.

A na ukun, a gaban ɗalibansa ya ce, "Madam, ke da aikinki kakkaɓe littattafai, ina ke ina bincike? So kike a sace min gumina? Komai yana cikin faifan CD, a kulle a gidana."

Ya zuba ɓawon gyaɗar da yake ci a kan fom ɗin, ya tura mata. Ɗalibai suka kwashe da dariya. Ta tattara ta fita.

Da aka ba shi sabon ofis, sai ya cusa tsofaffin littattafan a kwali, ya rubuta "A ƙona" da jan biro, ya bar shi a baranda.

Bayan shekara tara, mujallar da ta buga binciken ta rubuto masa. Wani ya yi zargin cewa alƙaluman ƙage ne. Aka ce Farfesa ya aiko da asalin bayanan cikin mako biyu, ko a janye aikin a sanar da duniya.

Farfesa ya buɗe durowarsa a gidansa na unguwar GRA yana taƙama. Faya-fayen sun yi tabo-tabo, zafi ya gama da su. Mai gyaran kwamfuta ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Oga, waɗannan sun mutu."

Saura kwana biyu, ya ja ƙafa zuwa ɗakin karatu. Wallahi ko sallamar kirki ya kasa yi.

"Madam Agnes... na zo ne..."

"Zauna, ranka ya daɗe. Na ji labari."

Ta juyo masa da kwamfuta. Ga rubutun hannunsa, shafi bayan shafi, har da tabon laka. Ashe ita ta ɗauke kwalin nan. Ta ɗauki hoton kowane shafi, ta ajiye a wuri uku daban-daban, kuma duk bayan 'yan shekaru tana mayar da su kan sabuwar na'ura.

"Ban nuna wa kowa ba," in ji ta. "Naka ne. Amma doka ba ta ba ni damar fitarwa ba sai mai shi ya sa hannu."

Ta buɗe fayil, ta zaro fom ɗin nan na da, ga tabon man gyaɗa a tsakiyarsa.

Farfesa ya sunkuyar da kai, kunya ta lulluɓe shi. A kan tabon ya sa hannu.

Darasi: Ilimin da ka kulle a wuri ɗaya yana iya ɓacewa a rana ɗaya. Ka adana aikinka a wurare da dama, kuma kada ka wulaƙanta masu adanawa, domin wata rana mutuncinka yana hannunsu. Ku tura wa duk wani malami ko ɗalibi da kuka sani.