Farar Rigar Yunana

'Yan'uwa, ku kasa kunne ga wannan misali.

Akwai wani mutum soja, saje mai igiya uku, yana da mata da 'ya'ya uku, dukansu maza. Babbansu sunansa Habila, na tsakiya Yunana, autan kuwa Sila. Mutanen gidan nan 'yan ikilisiyarmu ne, Tsarkaka na Kwanakin Ƙarshe, waɗanda jama'a ke ce wa 'yan Mormon. Da yake ba sa shan shayi, balle giya ko taba, duk barikin da suka sauka sai a laƙaba musu suna Gidan Ba-Shayi. Sun kuwa sauka a bariki da yawa. Kusan kowace shekara biyu takarda takan zo, a naɗe katifu, a loda tukwane da buhunan masarar da uwar gidan take tanadi a ƙarƙashin gado, a nufi garin da ba su san kowa ba. A wani wurin su tarar da ɗakin sujada. A wani wurin kuwa su biyar ɗin nan su ne ikilisiyar, a cikin falonsu.

Sojan nan yana ƙaunar 'ya'yansa, amma hanya ɗaya kawai ya sani ta nuna ƙauna, wato wadda aka koya masa a filin fareti. Yakan ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Kowace Asabar da safe yaran sukan jeru a bakin gadonsu, ya bi su ɗaya ɗaya yana dubawa. Ya duba shimfiɗa, ya duba farce, ya duba takalmi. Daga ƙarshe kowa ya ɗaga farar rigarsa ta Lahadi, wadda samarinmu ke sawa in za su raba gurasa da ruwa. Wanda aka samu da aibi, shi zai cika duron gidan da ruwan famfo.

Habila bai taɓa faɗuwa ba. Sila ƙarami ne, ana ɗaga masa ƙafa. Yunana kuwa, maƙwabta har sun san shi da bokiti.

Abin da ke kayar da shi tattabaru ne. Ya yi musu akurki da tsofaffin akwatunan katako a bayan kicin, in kuma aka tashi ƙaura, a kwando yake ɗauke su a kan cinyarsa. Don haka kullum ba a rasa gashin tsuntsu a gadonsa, ko ƙaiƙayi a aljihunsa.

Wata Asabar uban ya zaro gashi daga cikin takalminsa, ya ce, "Kai da tattabarun nan, wa ke kiwon wani?"

Yunana ya ce, "Baba, ai su ma sojoji ne. Duk inda aka tura su, gida suke dawowa."

Dariya ta taso wa uban har maƙogwaro, amma ya haɗiye ta, gama a ganinsa mai duba fareti ba ya dariya. Ya ce, "Ɗauki bokiti."

To, akwai al'ada a cikinmu, kun san ta. In uba zai yi tafiya mai nisa, ko ɗa zai fita daga gida, akan ajiye kujera a tsakiyar ɗaki, ɗan ya zauna, uban ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya kira cikakken sunansa, ya sa masa albarka. Sojan nan bai taɓa fasa wannan ba. Sai dai a hankali, ba tare da ya lura ba, ya haɗa kujerar da faretin Asabar. Sai yaro ya wuce dubawa tukuna ya zauna.

Ana nan, sai aka tura rundunarsu bakin daga, wata shida. Ranar tafiya da safe uwar ta ajiye kujera. Habila ya zauna, rigarsa kamar auduga, aka sa masa albarka. Sila ya zauna, ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba, aka sa masa. Aka kira Yunana, shiru. Aka sake kira, sai ga shi ya shigo yana haki, ga kashin tsuntsu da ɗigon jini a kafaɗar farar rigarsa.

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Kyanwa ce ta shiga akurki. Na ƙwace ɗaya a bakinta."

Ya nufi kujera, sai uban ya tare shi da hannu.

"Haka za ka zauna a gaban Ubangiji? Je ka canja."

"Ita ke nan gare ni, Baba."

"To, je ka wanke."

Yaron ya fita da gudu. Matar ta matso kusa da mijinta, ta yi ƙasa da murya don kada sauran su ji, ta ce, "Baban Habila, riga za ka sa wa albarka, ko yaro?"

Ya ce, "Ke ba ki san maza ba. In na sassauta yau, na rushe aikin shekara goma sha huɗu."

Kafin ta amsa, babbar mota ta yi ham a bakin layi. Wani kofur ya leƙo ta taga ya ce, "Saje Ba-Shayi, kai ake jira!" Sojan ya saɓa jakarsa ya fita. Yana kaiwa tsakar gida, sai ga Yunana daga famfo, ya mayar da rigar jikinsa jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga a kan takalminsa.

"Baba, ta fita. Duba."

Uban ya duba. Ta fita, sai ɗan alama rawaya da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ya waiga wajen mota, ya ga direba bai ma gama ɗaure tamfol ba. Akwai lokaci. Kujerar tana nan a ɗaki, taku biyar ne tsakani. Ko ba kujera ma, kan yaron yana nan a gabansa, daidai ƙirjinsa, gashin a jiƙe. Hannunsa na dama har ya ɗaga. Sai ya tuna ya riga ya yi magana, soja kuwa ba ya mayar da oda. Hannun ya sauka a kan igiyar jakarsa.

Ya ce, "In na dawo. Ka ajiye mini ita fes. Ranar da na dawo kujerar taka ce, kai kaɗai."

Yunana ya ƙame kamar yadda aka koya masa, ya ce, "To, Baba."

Sojan ya tafi. A bakin daga ya ga abin da baki ba ya faɗa. Mutanen da suka ci tuwo tare da safe, da yamma ya taya ɗaukar gawarsu. A gida kuwa, kowace safiya da kowace Litinin da yamma, in iyalin sun taru, addu'a ɗaya ce: Ubangiji ya tsare Baba. Ikilisiya ta yi azumi dominsa. Kowa ya san wanda yake cikin hatsari, ba wanda ya yi shakka.

A wata na uku ya hau wani tudu inda waya take kamawa, ya kira gida. Da aka miƙa wa Yunana, ya ce, "Baba, na ba da tattabarun. Na kai wa wani yaro a ƙauyen da ke hayin rafi. Yanzu Yaya Habila ne ke duba mu, sati shida ban ɗauki bokiti ba."

Uban ya ce, "Madalla. Yanzu ka fara zama namiji." Ya sauko daga tudun yana jin daɗi, yana cewa a ransa iccen ya tanƙwaru.

A wata na biyar, da zafin bazara, ciwon sanƙarau ya shiga barikin. Kwana uku Yunana ya yi. Saƙon bai isa bakin daga ba sai bayan kwana tara da binne shi.

Aka ba sojan izini ya dawo. Ya sauka a ƙofar gidansa da tsakar rana, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Maƙwabta suka fito suna yi masa gaisuwa, bai ji abin da suke cewa ba. Da ya shiga falo, ya tarar da kujerar a tsakiyar ɗaki, an rataye farar riga a bayanta, a goge. Matarsa tana zaune a ƙasa, ta jingina da bango.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Baban Habila." Ba ta tashi ba.

Ya ce, "Gaya mini."

Ta ce, "Rana ta biyu wuyansa ya sandare, idonsa ba ya son haske. Muka kai shi asibiti. Na aika ikilisiya aka kira Ɗan'uwa Zakka da wani dattijo, suka zo da mai, suka shafa masa, suka ɗora masa hannu. Da ya ji nauyin hannu a kansa, sai ya yi ƙoƙarin buɗe ido. Ya ce, 'Mama, hannun Baba ne?'"

Sojan ya ce, "Me kika ce masa?"

"Ban taɓa yi masa ƙarya ba, ba zan fara a ranar ba. Na ce hannun Ɗan'uwa Zakka ne. Sai ya ce, 'To, ba komai. Ai ya ce in ya dawo.' Na so a sa masa rigar nan a binne shi da ita. Habila ya ce a'a, tun Yunana yana da baki ya roƙe shi a ajiye maka. Ya ce ba ka duba ba tukuna."

Sojan ya ajiye jakarsa. Ya ɗauki rigar, hannunsa kuwa ya yi abin da ya saba. Ya juya wuyan, ya duba hannuwan, ya kai kafaɗar wajen taga inda haske yake. Babu tabo. Ko alamar rawayan nan babu. Yaron ya dirje wurin har zaren ya yi siriri.

Ya mayar da ita a kan kujera. Ya tsaya a baya, ya ɗaga hannuwansa biyu daidai inda kan yaro ɗan shekara goma sha huɗu zai kai, ya kira cikakken sunansa. Hannuwan suka yi ta sauka, ba abin da ya tare su, har suka taɓa katako.

Yana nan tsaye sai ya ji ƙarar fuka-fukan tattabaru a kan kwanon rufi. Ya dubi matarsa.

Ta ce, "Su ne. Sau biyu yana kai su hayin rafi suna dawowa. Na uku ya fige musu gashin fiffike, yana yi yana kuka. Gashin ya tsiro. Shekaranjiya suka dawo."

Ma'anar wannan misali ita ce. Sojan nan shi ne kowane uba da kowace uwa a cikinmu da aka danƙa wa albarka domin su bayar, suka mai da ita lada. Albarka ba igiya ba ce da ake ɗaura wa wanda ya yi ƙoƙari. Ba tamu ba ce ma. Ta Ubangiji ce, hannunmu hanya ce kawai, wanda ya riƙe ta kuwa ya riƙe kayan wani. Ku tambayi kanku, da Ubanmu na Sama yana jira sai rigarmu ta fita fes kafin ya taɓa mu, wa zai zauna a ɗakin nan yau?

Ban ce kada ku hori 'ya'yanku ba. Yaro ya gyara gadonsa, ya wanke rigarsa, ya ɗauki bokiti in ya yi laifi. Wannan daidai ne. Amma bokiti dabam, kujera dabam. Ranar da kuka haɗa su, ɗanku zai koyi cewa sayen ku ake yi. Zai kuwa biya. Zai ba da abin da ya fi ƙauna a duniya, ku kuma ku ce masa madalla.

Sai maganar nan, "In na dawo." Sojan ya yi tsammani in akwai wanda ba zai cika alkawarin ba, shi ne, don shi ke fuskantar harsashi. Ya shirya wa mutuwarsa. Bai shirya wa ta yaron da ya bari a gida kusa da uwarsa ba. Ba a gaya mana layin da za a bi a kira mu ba, 'yan'uwa. Ba a bin girma, ba a bin igiya.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, a aji shida na tsaya, ba zan iya yi muku dogon bayani ba. Mun gaskata iyali ba ya ƙarewa a bakin kabari, ni ma na gaskata, da wannan nake tashi kowace safiya. Amma wannan bege bai mayar wa mutumin nan safiyar da ya yar ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, taku biyar ɗin nan suna nan tsakaninsa da kujera, bai iya taka su ba.

Saboda haka in an tashi sujada yau, kada ku jira a yi tafiya, kada ku jira a buɗe makaranta. Ku jawo kujera. Ku fara da yaron da ya fi ba ku wahala, a yadda kuka same shi, ko daga kwata ya fito.

Abu na ƙarshe. Wasunku, don kirki, sukan ja ni gefe ranar Lahadi su raɗa mini cewa akwai tabo a kafaɗar farar rigata. Na gode, amma ku daina wahalar da kanku. Na sani. Kafin in fito nake ba tattabarun hatsi.