Birin da Ya Ce Teku Tana Tsoronsa

An yi wani tsibiri a tsakiyar teku, mai yawan bishiyoyin kwakwa da ayaba da gwanda. Yashin bakin gaɓarsa fari ne tas, tsuntsayensa kuwa masu launi iri-iri. Dabbobin wurin suna alfahari da shi, suna cewa babu ƙasa mai ni'ima irin tasu.

A cikinsu akwai Biri, wanda ba ya iya buɗe baki bai yabi kansa ba. Akwai Kaguwa mai kaifin harshe, wadda ba ta ganin ƙarya ta yi shiru. Akwai kuma tsohuwar Kififiya, wato kunkurun ruwa, mai haƙuri da ƙarancin magana. Kowa Inna yake kiranta.

Wata rana da safe Biri ya sauko bakin gaɓa yana ɓare ayaba, sai igiyar ruwa ta taso ta jiƙa masa wutsiya. Ransa ya ɓaci, ya daka wa teku tsawa.

"Ke, ja da baya. Ba ki san wanda kika taɓa ba?"

Lokacin kuwa ya yi daidai da sa'ar da ruwan yake janyewa. Biri yana tsaye ya ga teku tana komawa baya a hankali, tana barin yashi da duwatsu a fili. Ya dubi ƙirjinsa, ya dubi tekun, ya kama tafiya da taƙama yana shelanta wa kowa.

"Ku zo ku ga ikona. Teku da girmanta, magana ɗaya na yi mata ta gudu."

Kaguwa ta leƙo daga raminta ta yi dariya har ƙafafunta suna rawa.

"Malam Biri, tun kakanka bai iya hawan bishiya ba ruwan nan yake tafiya yana dawowa. A bakinsa aka haife ni. Tsawarka ko ƙudan da ke kan ɓawon ayabarka ba ta kora ba."

"Hassada ce ke cin ki," in ji Biri. "Ke da ko tafiya a miƙe ba ki iya ba, me kika sani game da mulki?"

"Tafiyata a karkace take, amma hankalina a miƙe yake."

Tsuntsaye suka taru a kan rassa suna sauraron rigimar. Ganin idanu sun yi yawa, Biri ya nuna wani faffaɗan dutse can nesa, wanda janyewar ruwa ta bari a fili.

"Kun ga dutsen can? A kansa zan zauna har yamma. In teku ta isa, ta zo ta tashe ni. In ba ta zo ba, daga yau ni ne sarkin tsibirin nan."

Kififiya ta ɗaga kai daga inda take shan hantsi.

"Ɗana, dutsen nan ruwa yana rufe shi. Ni a kansa nake wucewa da iyo. Zauna a nan ka ci ayabarka."

"Inna, kin tsufa, tsoro ya yi miki yawa," in ji Biri. Ya saɓa nonon ayaba a kafaɗa, ya bi ta kan jiƙaƙƙen yashi yana kaɗa wutsiya.

Ya hau dutsen ya harɗe ƙafafu. Yana ci yana ɗaga wa dabbobi hannu, iska mai daɗi tana kaɗa shi. Da cikinsa ya cika, sai barci ya kwashe shi.

Sanyin ruwa a tafin ƙafarsa ne ya tashe shi. Ya duba hanyar da ya biyo, babu ita. Gabas ruwa, yamma ruwa.

"Ja da baya," in ji shi da babbar murya.

Ruwa ya kai masa gwiwa.

"Na ce ki ja da baya. Ni ne fa, Biri."

Ruwa ya kai masa ƙugu, igiya ta kwashe sauran ayabar. Biri bai iya iyo ba. Ya miƙe a kan yatsunsa, muryar da yake tsawa da ita ta koma kuka.

A bakin gaɓa Kaguwa ta daina dariya. Ta juya wurin Kififiya.

"Inna, bakinsa ya jawo masa, amma kada mu bari ya mutu."

Kififiya ta sulale cikin ruwa. Kafin ta isa, ruwa ya kai wa Biri haɓa. Ta miƙa masa bayanta, ya ɗare ya ƙanƙame ta.

Da suka yi nisa ya ga ya tsira, sai ya gyara murya.

"Inna, in mun isa ki ce musu ni na ba teku izinin dawowa."

Kififiya ta ɗan nutsa kaɗan, ruwan gishiri ya cika masa baki da hanci.

"Me ka ce, ɗana? Kunnena ya yi nauyi."

"Na ce ƙarya nake yi," in ji Biri yana tari. "Teku ba ta san ni ba. Ki yi mini rai."

Ta kai shi gaɓa ta sauke. Ya zauna a kan yashi, gashinsa ya manne a jiki, ya kasa ɗaga ido ya dubi kowa. Kaguwa ta matso kusa da shi.

"Ranka ya daɗe, a kawo maka rawanin yanzu, ko sai ka bushe?"

Dabbobi suka kwashe da dariya. Biri ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku ba Inna. Ita ce teku ta sani."

Darasin wannan labari shi ne, kada mutum ya ɗauki abin da ya faru bisa dace ya ce ƙarfinsa ne. Girman kai yana toshe kunne, har mai shi ya raina shawarar waɗanda suka fi shi sanin wuri, alhali ranar wuya su ne za su cece shi.