Kambun da aka ɗinke a hannun mai jego

Godiya ta tabbata ga Allah Mai fitar da rayayye daga matacce, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ni Ashafa, mafi ƙanƙantar waɗanda suka durƙusa a gaban Shaihinmu, malami masani, mai tsantseni, mai yawan azumi da ƙarancin magana, wanda ya karantar da Fiƙihu da Tafsiri a zaurensa na Limawa shekara talatin ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, Allah Ya haskaka makwancinsa, zan faɗi abin da ya faru a gidanmu. Wanda ya ga dama ya gaskata, wanda bai ga dama ba ya riƙe bakinsa, don na gaji da gardamar yaran da ba a haifi iyayensu ba a lokacin.

A shekarar da Nasara suka yaƙi Haɗeja, ƙanwata Mu'minatu ta dawo gida Dutse da tsohon ciki daga wajen mijinta Gwadabe, manomi a ƙasar Jahun. Haihuwarta uku kafin wannan, duka ukun suna ƙasa, har mata sun fara ce mata mai wabi. Na ƙarshensu, Ɗan'inna, ya kai yaye, aka kawo shi wurin mahaifiyarmu Inna Gaji kamar yadda aka saba, zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke shi a ɗakinta. Wannan karon Allah Ya sauke ta lafiya, ta sami 'ya mace, aka sa mata Zuwaira.

Kwana uku bayan suna hannayen Mu'minatu suka mutu. Abin ya soma da babban yatsa da manuni da na tsakiya, kamar tururuwa na yawo a ciki, daga nan ya cinye tafin duka, har ta kai a mintsine ta ba ta ji, ta ɗauki ludayin kunun kanwa ya zame bai yi mata sallama ba. Kowa ya zama masani. Ungozoma ta ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wa ruwan wanka wuta da ganyen tsamiya har fatar bayanta ta saɓule. Wata ta ce turmin da ta ƙanƙame a kan gwiwa ne ya tsinka mata jijiya. Wata ta ce iskar duwatsun bayan gari ce, wasu kuma suka fara kallon ita ungozomar da wutsiyar ido, suna raɗa maganar maita. Ana cikin haka, ranar wata Talata da hantsi, jaririyar ta suɓuce daga hannun uwarta a bakin tukunyar ruwan wanka mai tafasa, Inna ce ta cafe ta da zani.

Labari ya kai Jahun. Ranar Alhamis sai ga Bilki, yayar Gwadabe, da zanen goyo a kafaɗa, ta ce ɗan'uwanta ya binne uku, ba zai binne ta huɗu saboda kara ba, akwai mai shayarwa a gidansu, in rana ta yi sanyi za ta goya yarinyar su tafi. Wallahi na ji haushinta, amma gaskiya ta faɗa.

Na shiga wurin ƙanwata, na tarar da ita zaune a kan gadon jego, hannayen a kan cinya kamar ba nata ba. Ta dube ni ta ce, a hankali don kada Inna ta ji, "Yaya, ba mutuwa suka yi ba fa. Riƙe su ake yi." Na ce wa yake riƙewa? Sai ta sunkuyar da kai tana kallon wuyan hannunta. Rana tsaka ce, ga wuta a ƙarƙashin gado, amma tsigar jikina ta tashi.

Na tafi wurin Malam, Shaihin namu, kuma Allah ne shaidata ban gama gaisuwa ba ya rufe littafin da ke gabansa, ya ɗauki sandarsa, muka nufi gidanmu. Bai shiga ɗakin ba, bai ga mai jegon ba, a tsakar gida aka shimfiɗa masa buzu, asabari na tsakaninsu. Ya yi sallama aka amsa, sannan ya sake yin sallama ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi in an shiga maƙabarta.

Ya ce, "Su wa ke cikin ɗakin?"

Inna ta ce daga ciki, "Allah Ya gafarta Malam, ni ce da mai jego da jaririya."

Ya ce, "Akwai wanda aka hana tafiya. Inna, a kwance abin da aka ɗinke."

Ɗakin ya yi tsit, kaji ma da ke tsakar gidan na lura sun daina tono. Can muka ji Inna ta fashe da kuka, kukan tsohuwa mara daɗin ji. Ashe tun cikin yana wata bakwai ta sa baduku ya ɗinka wa Mu'minatu kambu biyu na jar fata, ɗaya a kowane wuyan hannu, ɗinki na dindindin ba ɗauri ba, don kada a cire ko a wanka. Tsofaffin wajenmu suna cewa ɗan wabi ɗaya ne yake zuwa yana komawa, in ka riƙe masa wani abu na tufafinsa ba zai iya komawa ba. Ranar da Ɗan'inna ya rasu, kafin maza su shigo ɗaukarsa, Inna ta sa aska ta yanki bakin likkafaninsa ta ɓoye, shi ta raba biyu aka ɗinke a cikin fatar. Ba ta gaya wa kowa ba, ko badukun bai san abin da ke cikin ƙunshin ba.

Malam bai yi mata faɗa ba. Ya ce, "Tsoro ne ya sa ki, Allah Ya yafe mana. Wancan rai daban, wannan daban. A mayar masa da kayansa."

Aka ba ni aska na shiga. Kumburin haihuwa ya sa naman ya hau kan fatar har ta nutse, shi ya sa ba wanda ya kula da matsewarta, sai da na lallaba kafin na sami ɗinkin. Da na kama hannun dama Mu'minatu ta janye shi da gwiwar hannu, ta ce, "Yaya, nan yake riƙewa in yana shan nono. Daidai nan." Na dakata da askar. Muryar Malam ta zo daga bayan asabari, ya ce, "'Yata, yana wurin da ya fi cinyarki. Wadda ke kuka a gefenki ba ta da kowa sai ke." Ta daɗe tana kallon jaririyar, sannan ta miƙo mini hannun.

Da fatar ta rabu, ƙyallen ya faɗo fari fat, bayan wata uku na gumi da ruwan zafi, ko ɗigon datti babu. A kowane wuyan hannu kuma akwai shaida, huɗu a jere a sama, ɗaya a ƙasa, ƙanana. Masu gardama suna cewa gurbin ɗinki ne. To, na ga ɗinkin, da hannuna na farke shi, kuma na san yadda gurbin yatsun yaro yake.

Hannayen dai ba su motsa ba. Bilki ta dubi inuwa ta fara warware zanen goyonta. Malam ya ce ta yi haƙuri zuwa la'asar, ya sa na naɗe ƙyallen a ganye, muka nufi maƙabartar da ke gindin dutse, bayan dabinai. Damina ta wuce a kan kabarin, ƙananan kaburbura kuma sun yi yawa a shekarun nan, ni da na sa yaron a rami da hannuna na yi ta zagaye na kasa gane wurin. Malam, wanda yake Kano ranar jana'izar, ya wuce ni kai tsaye ya tsaya a kan wani ɗan tudu da ciyawa ta rufe, ya nuna da sanda. Na tona kamar kamu ɗaya a wajen kai, na sa, na rufe, ya yi addu'ar da ban ji ko kalma ɗaya daga cikinta ba. Muna shafawa ladan ya ɗaga murya.

A hanya na ce, "Allah Ya gafarta Malam, me ya kama ta?" Ya ce, "Mai jego tana kumbura, fata kuma in ta sha ruwan zafi ta bushe tana matsewa, jini hanya yake so. Ka faɗa wa mata haka, kada su ƙara ɗinke wa mai ciki komai, su kuma bar ungozoma ta sarara." Na ce, sauran fa? Ya ce, "Sauran ba naka ba ne." Na riƙe wannan har ya bar duniya.

Na iso gida na tarar da mata cirko-cirko a ƙofar ɗaki. Suka ce daidai kiran salla Mu'minatu ta yi ƙara ɗaya, yatsun suka shiga rawa kamar an zuba musu garwashi. Na leƙa. Zuwaira na kan cinyarta, ta ɗora tafinta a kan maɗigar yarinyar, tana jin bugunta, hawaye na zuba ba ta share ba. Bilki na tsaye, ta riga ta ninke zanenta.

Na ce, "Mu'minatu, kina ji?"

Ta ce, "Ina ji, Yaya. Ɗumi gare ta." Sannan ta ce, "Shi kuma ya sake ni."

Zuwaira ta rayu, jikokinta ne suke kawo mini fura yau. Uwarta ta yi shekara arba'in bayan wannan tana daka da saƙa da hannayen nan, amma ban taɓa ganin ta sa munduwa ba.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya gudanar a hannun bawansa, Shaihinmu, wanda ya fi son a ɓoye shi fiye da a ambace shi. Ya Allah Ka ƙara masa yarda, Ka yalwata kabarinsa, Ka jiƙan Inna da 'ya'yan da suka riga mu, Ka ba mu albarkacin bayinKa na gari, Ka sa mu cika da kalmar shahada. Amin.