Ɗinkin Hannun Hagu na Dona Cremilda

Akwai wata mata a garinmu, can saman tsaunukan Minas, ana ce mata Ivanilde. Sakatariya ce a makarantar firamare, mace mai sanyin hali da ba ta yin abu da garaje. Ko biro za ta ajiye, sai ta daidaita shi da gefen tebur.

Duk ranar Asabar da yamma, ita da wasu mata goma sha ɗaya suke haɗuwa a ɗakin taro na bayan coci. Kowacce da jakar zarenta da kwarashinta. A sha kofi, a ci burodin cuku, a taɓa gulma daidai gwargwado. Farkon kowane wata sai su jefa sunayensu a gwangwanin biskit. Wadda kika ciro sunanta ita za ki yi wa saƙa, ke ma wata ta yi miki.

Amma babban aikinsu na shekara shi ne bargon haɗe-haɗe.

Kowace mace za ta tattaro ragowar ƙyallayen gidanta, guntun rigar biki, hannun rigar maigida, labulen da ya tsufa, ta harhaɗa su yadda suka zo, babu awo babu tsari, har su ba da falle ɗaya. Sai ta sa shi a jaka tare da ɗan littafi. Jakar ta yi ta zagaya gida-gida. Kowacce ta riƙe ta mako guda, ta yi wa gaɓa ɗaya ɗinkin ado, ta rubuta abin da ta yi a littafin, ta miƙa gaba. In fallayen nan goma sha biyu sun gama zagaye, sai a haɗe su bargo ɗaya, a kai gasar bikin watan Yuni. Shekara uku ke nan matan ƙetaren kogi suna doke su a wannan gasa.

Dokar ƙungiyar ɗaya ce tak: ba a warware zaren wata.

Dona Cremilda ce ta kafa ƙungiyar, ita ta kafa dokar. Shekararta saba'in da huɗu, kuma rabin matan nan a hannunta suka koyi riƙe allura, har da Ivanilde. A watan Janairu ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ta tashi, tana takawa da sanda, bakinta ya dawo daidai, amma hannun dama ya ƙi. Duk da haka ta aiko cewa kada a kuskura a tsallake gidanta da jakar fallen tsakiya.

Wata Litinin, saura mako uku biki, Marizete ta faɗo ofishin Ivanilde da jakar a hammata. Marizete mai shagon gyaran gashi ce, ita ke riƙe da tsarin zagayen jakunkuna, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi.

"Rufe ƙofa, ƙawata. Zo ki ga abin da ya same mu."

Ta baje fallen a kan tebur. Aiki ya yi kyau, kowace gaɓa da irin adonta. Sai a tsakiya, a kan wani baƙin yadi mai sheƙi, ga wani layi da zare ruwan ƙasa, irin ɗinkin nan da muke kira ƙafar kaza. Ya tashi daga kusurwa, ya karkace, ya bar gaɓar da aka ce ya bi, ya gangara inda ya ga dama. Wani taku dogo, wani gajere, wani zaren ya yi sako-sako har yatsa zai iya shiga.

Marizete ta ce, "Kin ga ƙafar kaza. Wannan kazar a buge take."

"Ki ji tsoron Allah, Marizete."

"Ina jin tsoronsa, shi ya sa nake faɗin gaskiya. Wannan fa shi ne tsakiyar bargo. Nan idon alƙalai zai fara sauka. So kike matan ƙetare su yi shekara suna mana dariya a kasuwa? Ke ce ta ƙarshe a zagayen jakar. Minti goma ya ishe ki ki zare shi ki yi sabo."

"Doka fa?"

"Mai dokar da kanta ta ɗage ta. Buɗe littafin."

Ivanilde ta buɗe. A shafin ƙarshe akwai rubutu manya-manya, yana rawa kamar na ɗan aji ɗaya:

"Da hagu na yi. Kwana tara. In ya ɓata muku aiki ku cire, ba zan ji haushi ba. In na ga an cire, na san lokaci ya yi, sai in raba alluraina in huta."

Ivanilde ta karanta sau biyu. Ta rufe littafin, ta daidaita shi da gefen tebur.

"Kin gani? Ta yafe," in ji Marizete.

"Ba yafewa ta yi ba. Tambayarmu take yi."

"Ke dai da fassara! To Asabar nake son jakata. Kuma kada ki manta da tsuntsunki."

Nan ta taɓo mata inda yake mata ƙaiƙayi. Tun bara Ivanilde take koyon ɗinka ɗan tsuntsun nan mai shan ruwan fure, da zaren siliki kala bakwai. Ta yi gwaji ya fi ashirin. Wannan baƙin yadi na tsakiya shi ta yi wa tanadi, ga shi layin Dona Cremilda ya ratsa ta cikinsa.

Da ta koma gida ba ta taɓa almakashi ba. Sai wata dabara ta zo mata. Ta ɗauko kwarashi, ta saƙa siririn leshi fari, ta shimfiɗa shi a kan karkataccen layin, ta kafe da fil. Ba ta cire zaren kowa ba, doka ba ta karye ba, ido kuma ba zai ga komai ba. Ta ja da baya tana kallo, ranta ya ɗan yi sanyi.

Mijinta Valdomiro ya shigo daga gareji yana goge hannu. Ya leƙa ta kafaɗarta.

"Kai, Nilde, hannunki da albarka. Kamar tsohuwar ba ta taɓa wurin ba."

Yabo ya yi, ya wuce kicin abinsa. Ita kuwa ta sake duban leshin. Ta hango Dona Cremilda ranar Asabar tana neman layinta, tana ɗaga gefen leshi, tana gane cewa an binne shi ne cikin ladabi. Ta zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe leshin ta jefa a kwando.

Washegari ta jingina fallen a bango, ta zauna nesa da shi, tana kallo kawai. Ta juya shi gefe. Ta kifa shi. Da ta kwantar da shi ta ɗaya ɓangaren, sai ta daina ganin layin da ya kauce hanya. Abin da ta gani reshe ne. Haka rassan kofi suke saukowa a gonakin bayan gari in 'ya'ya sun yi musu nauyi, ba wanda yake miƙe.

Amma kafin ado akwai aiki. Zaren sako-sako ne, in aka rataye bargo zai zazzago. Ta samo zare mai launi iri ɗaya, ta tsaga shi sili-sili, ta ɗauki sili guda. Ta bi kowane taku ta ƙasan yadi, ta ɗaure shi a inda mai shi ta ajiye shi. Ba ta miƙar da ko ɗaya ba. Dogo ya zauna a dogonsa, gajere a gajerensa. Wannan kaɗai ya ci mata yammaci biyu, wuyanta ya ƙage, idonta yana ruwa.

Ranar Alhamis Marizete ta bugo waya.

"An yanka kazar?"

"Tana nan da ranta."

"Ivanilde, in muka sake faɗuwa, da bakina zan gaya wa kowa ke ce sila."

"Ki gaya musu. Ki haɗa da sunan babana don kada a yi kuskure."

Ta ajiye waya ta koma kan aikinta. Koren silikin da ta tanada don fikafikan tsuntsu, shi ta yi ganye da shi. Jan da ta tanada don maƙogwaronsa, shi ta ƙulla 'ya'yan kofi da shi, ƙulli-ƙulli, a bakin kowane taku. Inda zaren tsohuwar ya yi tsalle ya bar gaɓa, nan ta tara 'ya'yan da yawa, kamar nauyinsu ne ya janyo reshen. Ba ta bar ganye ko ɗaya ya hau kan zaren ruwan ƙasan ba.

A littafin ta rubuta layi ɗaya: "Reshe na Dona Cremilda ne. Ni ganye da 'ya'ya na sa."

Ranar Asabar ɗaki ya cika. Dona Cremilda ta zo, karo na farko tun rashin lafiyarta, 'yarta na riƙe da ita. A cinyarta akwai tsohon akwatin katako da kowa ya sani, wanda take ajiye alluranta a ciki. Mata suka ga akwatin, suka kalli juna. Ko kofi ba wadda ta zuba.

"To, ku kawo in gani. Ba gawa kuka zo rakiya ba," in ji tsohuwar.

Ivanilde ta shimfiɗa fallen a gabanta.

Sai wata daga baya ta ce, "Wayyo Allah, ku ga reshe!" Aka taso aka yi dafifi. Marizete ma ta kutsa gaba tana leƙe.

Dona Cremilda ba ta ce ya yi kyau ba. Ta gyara tabarau, ta ɗora yatsan hagu a farkon layin, ta fara bi tana motsa leɓe. Ta bi shi a hankali har ƙarshe. Ta dawo ta sake bi. Sannan ta juya fallen ta duba bayansa, ta daɗe tana kallon ƙananan ɗaurin nan da ido da kyar yake ganinsu.

"Taku talatin da ɗaya na yi," ta ce. "Talatin da ɗaya ne."

Ta ɗago ta dubi Ivanilde.

"'Yata, na bakwai ɗin nan ya fi kowanne muni. Me ya hana ki ko ɗan ja shi?"

"Ba nawa ba ne, Dona Cremilda. Ke kika koya mana."

"Tsuntsunki fa? An ce min kin shekara kina fama da shi."

"Sai da reshe tsuntsu yake sauka. Baɗi ma rana ce."

Tsohuwar ta cire tabarau ta goge da gefen riga, ta daɗe tana gogewa fiye da yadda yake bukata. Sannan ta jawo akwatin, ta buɗe da hannu ɗaya. Kowa ya zuba mata ido.

Ta zaro allura guda, ta ɗaga ta sama.

"Marizete!"

"Na'am, Dona Cremilda."

"Zo ki zura min zare. Na ji labari duk garin nan ba wadda ta kai ki ido, kina hango buguwar kaza tun daga shagonki."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Marizete ta rufe fuska da tafi, ta zo ta durƙusa gefen kujerar. Sau uku tana kuskuren ramin allurar.

"Ki yi a hankali," in ji tsohuwar. "In ya karkace ma ba mai cire miki."

Ta karɓi allurar da hagu, ta soke ta a gaban rigarta yadda ta saba yi shekara hamsin, ta rufe akwatin ta tura ƙarƙashin kujera.

"Ina gwangwanin sunaye? Ku sa nawa a ciki. Wadda ta faɗo hannuna a watan nan ta yi haƙuri, saƙarta za ta makara, amma za ta zo."

Darasi: Gwaninta ba ita ce ki goge aikin wanda ya gaza don naki ya fito ba. Gwanar gaske ita ce wadda za ta tallafi ɗan abin da mai rauni ya iya, har ya tsaya da ƙafarsa a gaban jama'a. Wanda ya ce miki "in na ɓata ku cire ni", sau da yawa tambaya yake ko har yanzu yana da wuri a cikinku. Ku tura wa 'yan uwa da ƙawaye su karanta, musamman masu tsoho ko marar lafiya a gida da yake ƙoƙarin komawa ga abin da ya saba yi.